Kuɗin Albasa da Lambobin Kwali

A ƙarshen watan Afrilu, bayan an tashi daga lakwal, wani dattijo ya same ni a gindin dogon yaron da mu malamai muke fakewa kafin rana ta yi sanyi. Manomin albasa ne a fadamar Tarka. Ya kwashe amfanin bana, ya sayar da rabi, rabi ya zuba a rudu yana jiran kuɗi su tashi. Ɗansa na biye da shi, tsohon ɗalibina ne, yanzu yana ajin ƙarshe na kwaleji a Madawa, zai zana BEPC. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da zafi, sai dattijon ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu.

"Mushe, duba muna wagga takarda. Yaro ya ce in babu irin wagga waya, ba shi cin jarrabawa."

Yagaggen shafin kaye ne. Yaron ya rubuta lambobi huɗu da jan biro, kowace a layinta: 120 Hz, RAM 16 GB, 108 MP, 5000 mAh. A ƙasa ya ja layi ya sa kuɗin, jika 115. Uban bai san ma'anar ko ɗaya daga cikin huɗun ba, amma ta biyar ɗin ya san ta sarai, don ya san buhu nawa ce, ya kuma san kwana nawa ya yi yana ban ruwa kafin buhunan su cika. Yaron kuwa ya haddace su kamar karatun allo, ya tsaya yana kallona, jira yake in gyaɗa kai a wuce wurin.

Ban gyaɗa ba. Kuma tun ranar nake son yin wannan magana da iyaye da 'yan uwana malamai, domin ba shi kaɗai ba ne. Daga Sabon Gida zuwa Karofane, daga Tamaske zuwa Ibohamane, duk inda aka sayar da albasa ko ɗan ci-rani ya aiko da kuɗi daga Abijan ko Libiya, za ka tarar da irin wannan takarda a aljihun wani uba. Jika 115 ba abin wasa ba ne. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikaci a ƙasar nan tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, wato wayar ta kusa cinye albashin wata uku.

A fahimce ni tun farko, ba cewa nake lambobin nan ƙarya ne ba. Da ƙarya ne da abin ya zo da sauƙi, sai mu ce a kama mai kanti. Gaskiya ne, amma gaskiyar wani wuri ce. An auna su a ɗaki mai sanyi, kusa da bango mai wuta dare da rana, ƙarƙashin rezo mai ƙarfi. Masu gwada waya a YouTube, na Legas da na Indiya da na Dubai, waɗanda a wurinsu yaranmu ke kwaso waɗannan lambobi, a irin wannan ɗaki suke zaune, kuma mako ɗaya ko biyu suke riƙe waya su ajiye su ɗauki wata. Ban ga wanda ya riƙe ta bazara biyu a Adar ba. Manomin albasa ya san wannan a sana'arsa: ba ranar cira ake yabon albasa ba, sai ta yi watanni a rudu an buɗe an ga nawa ta ruɓe. Amma da ya shiga kantin waya sai ya ajiye wannan hankali a bakin ƙofa tare da takalmansa, don an nuna masa cewa nan fagen 'yan boko ne.

Mu fara da batir, tunda a garin dattijon nan babu lantarki. Lambar 5000 mAh girman tulu ce kawai. Ba ta gaya maka mutum nawa ke sha, ba ta gaya maka ko tulun na yoyo. In aka juya ta zuwa ma'aunin wuta, wajen wat-awa 19 ce, abin da ƙwan fitila mai wat 20 zai shanye a awa guda. Kuma kusan duk wayoyin matsakaicin farashi, na Tecno da Infinix da Samsung da Redmi, 5000 ɗin nan suke ɗauke da ita ko kusa da haka, saboda haka lambar ba ta bambanta maka komai. Masu shan ruwan ne ke bambantawa. Akwai hasken fuskar waya, wanda a irin ranarmu dole ka ƙure shi. Akwai kuma rezo. Waya in ta yi nisa da eriya ƙara ƙarfi take yi don muryarta ta kai, kamar mai kiran ɗan uwansa daga wancan gefen gulbi. A kwazazzaban Keita da tsaunukan Buza, inda sanda ɗaya ke zuwa tana ɓacewa, wayar da aka ce tana kwana biyu sai ka ga ta suma kafin la'asar, alhali tana aljihu ba a taɓa ta sosai ba.

Sai babban abokin gaba, zafi. Apple da Samsung duka sun rubuta a takardunsu cewa a yi amfani da wayoyinsu tsakanin digiri 0 da 35, Apple har ya ƙara da cewa zafin da ya wuce haka na iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. To, digiri 35 a Madawa cikin Afrilu da Mayu ai da hantsi muke wuce shi, tsakar rana ma'auni na haura 40 a inuwa. Batirin lityum da ke cikin waɗannan wayoyi tsufa yake yi da kowane caji. Abin da aka saba faɗa shi ne bayan cikakken caji wajen 500, kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa ne ke saura. Wannan a wuri mai sanyi ke nan. Wayata ta baya, wadda na saya da kuɗin adashin shekara guda saboda ni ma lambobin kwali sun ruɗe ni, wata 14 ta yi bayanta ya kumbura kamar fanke, murfin ya ɗaga. Mai gyara ya duba ya ce batir ne, kuma na asali sai an aika Maraɗi ko Kano, in an dace. Ya sa mini wani da aka rubuta 5000 a jikinsa. Rabin yini yake yi.

Ku je rumfar mai cajin waya a kowace kasuwar ƙauye ku gani. Rufin kwano, ɗan janareto ko farantin sola da batirin mota, wayoyi talatin ko arba'in a kan tebur wasu bisa wasu, kowace na fitar da nata zafin. A nan ne wayar jika 115 za ta riƙa yini. Caji mai sauri da ake tallatawa, wat 33 ko 45, galibi ba ya aiki sai da cajar da aka yi domin wayar, a rumfa kuwa abin da ya samu shi za a soka mata. In ma an kai tata cajar, saurin nan da zafi yake zuwa, a zuba zafi a kan zafi.

Ga lissafin da nake so kowane uba ya yi. A wajenmu mai caji na karɓar dala ashirin, sefa 100. In sau ɗaya ne a rana, a shekara sefa 36,500 ke nan. In batir ya gaji aka koma sau biyu, 73,000. Wutar da wayar ke sha kuwa a shekara guda, in caji ɗaya ne a rana, ba ta kai kilowat-awa 10 ba. Mai mita a gida, ko da a ce kowane ɗaya sefa 150 ake sayar masa, bai biya fiye da jika ɗaya da rabi ba. Ba laifin mai caji nake gani ba, shi ma mai yake saya, kuma ya rufa wa gari asiri. Abin da nake cewa, kuɗin waya a ƙauye ba ya ƙarewa a kanti, kuma ba a rubuta wannan a kwali. A ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, wannan ne lissafin da ya kamata a fara yi. Mu na cikin gari ma mun ɗanɗana. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agustan 2023, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, har zuwa Maris na 2024, malamai nawa ne suka yi layi a rumfar caji da wayoyinsu masu ido huɗu?

Fuskar waya kuma, 120 Hz na nufin hoton da ke kanta yana sabunta kansa sau 120 a daƙiƙa ɗaya maimakon sau 60 da aka saba. Yana da daɗin ido in kana jan TikTok da yatsa ko kana harbi a Free Fire. Amma shafin darasin lissafi ba ya gudu. A tsaye yake, ko sau 60 ko sau 120, kuma kowane ƙarin sabuntawa daga tulun nan yake sha. Lambar da ta shafe mu ba kasafai ake sa ta da manyan haruffa ba, wato ƙarfin haske, wanda ake aunawa da nit. Fuska mai nit 400 ko 500 a ɗaki lafiya lau ce, a tsakar gida da azahar kuwa madubi ce, kanka kawai za ka gani. In kuma ka ga an rubuta 2000 ko 3000, ka sani galibi a kan ɗan ƙaramin yanki na fuskar aka auna na ɗan lokaci, kuma waya in ta ɗau zafi da kanta take rage haske don ta tsira. Sai yawan ɗigo: akwai wayoyi masu 120 Hz da fuskarsu ɗigo 720 ce a faɗi, ba 1080 ba. Ga yaron da zai karanta ƙananan lambobin da ke saman x da y a takardar da aka ɗauka hoto, wannan bambanci ya fi masa 120 Hz amfani nesa ba kusa ba.

Kuma fuska fashewa take yi. Yaro ne, jaki ne, babur ne, dutsen Adar ne. AMOLED, wadda ta fi kyau da haske, ita ta fi tsada wajen canji, har wani lokaci mai gyara ya faɗi kuɗi ka ga gara a haƙura. Abin da aka fi yi sai a sa mata ta kwaikwayo mai arha, haske ya ragu, in kuma abin karanta yatsa a ƙarƙashin gilashi yake, ya daina aiki. Kafin a biya kuɗin waya, a taka zuwa wurin mai gyara a tambaye shi: in wannan ta fashe, kana da fuskarta, kuma nawa? Minti goma ne, amma ban taɓa ganin wanda ya yi ba.

Kamara ita ce inda aka fi yi mana wasa da hankali, ita ce kuma ainihin abin da yaron ke so, ko da bai faɗa a gaban ubansa ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma a shekarunsa rediyo mai kaset biyu ta hana ni barci. Amma a bar kiran abin da sunan karatu.

Megafiksel 108 na nufin farantin da ke karɓar haske a bayan idon kamara an yanka shi gida miliyan 108. Farantin kansa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Manomi zai gane wannan da sauri: in kana da gona ɗaya, ka yanka ta fangali 12 ko ka yanka ta 108, ruwan saman da ya sauka a kanta ɗaya ne, sai dai kowane fangali ya samu kaɗan. Haske ma haka ne. Shi ya sa wayoyin da kansu suke haɗa gidaje tara-tara su mayar da su ɗaya, hoton da ke fita yau da kullum ya zama megafiksel 12. Mai 50 kuma tana haɗa huɗu-huɗu ta ba ka 12 da rabi. Wato 108 da 50, a hoton da za ka ɗauka ba tare da ka shiga saiti ba, kusan kunnen doki suke. Daga nan fuskar wayar, ko mai kyau ce ta 1080 da 2400, ɗigo miliyan biyu da rabi da ɗoriya kawai take iya nunawa. Sannan in ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, ya matse hoton ya koma wajen megafiksel 2. An sayar da buhunan albasa an sayi 108, abin da ya isa wayar abokin karatu 2 ne. In kuwa yaro ya nace sai ya ɗauka da cikakken 108 ɗin, hoto ɗaya na iya cin megabayit 20, ma'ajiya ta cika, in ya tura shi a haka megan mako ya ƙare tun mako bai yi nisa ba.

Idanu uku ko huɗu da ke bayan waya kuma, a wayoyin wannan farashi sau da yawa ɗaya ne na gaske. Sauran na megafiksel 2 ne ko ƙasa da haka, an jera su don bayan wayar ya yi kama da na manya. Ado ne, kamar madubin da ake liƙa wa kayan dokin sallah.

Abin da ɗalibi ke buƙata daga kamara abu ɗaya ne: ta ɗauki allo ko shafin littafi, rubutu ya karantu. A ajin zana, inda haske ke shigowa tsilli-tsilli ta tsakanin kara, allo ya koɗe, ko da dare a ƙarƙashin fitila. Wannan ya dogara ga girman farantin, da saurin da idon ke daidaita kansa, da yadda yake jure rawar hannu, kuma babu ko ɗaya daga ciki a jan rubutun yaron. Gwajin kuwa kyauta ne. Ka shiga kanti da littafin lissafi, ka koma lungun da ya fi duhu, ka ɗauki shafi, ka buɗa hoton da yatsu biyu. In ka iya bambanta 3 da 8, ta yi. Na yi wannan gwaji da wayoyin abokan aikina a ɗakin dirakta, wata tsohuwa mai megafiksel 12 ta kunyata sababbi biyu.

Maganar RAM 16 GB ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ku duba kwalin da kyau, za ku ga ƙaramin rubutu: 8+8. Takwas ɗin farko ne na gaske. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya, wadda ba ta kusa da RAM a sauri, kamar mai buhu takwas ya haɗa da takwas na maƙwabcinsa ya ce yana da sha shida. Injin da ke ciki ma yakan zama tsohon zubi a sabuwar riga. Helio G85 na kamfanin MediaTek tun 2020 ya fito, shekaru bayan haka ana ta sa shi, ko 'yan uwansa masu sabon suna, a sababbin wayoyi. Ban ce ba ya aiki ba, don WhatsApp da ƙamus da PDF ya isa. Abin da na ƙi shi ne a sayar da shi da kuɗin sabo.

Lambobin da suka fi muhimmanci ba su kan kwali ko kaɗan. Shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta manhajar wayar? Ba ƙaramar tambaya ba ce: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, kuma haka zai riƙa matsa layin gaba. Samsung ya yi alkawarin shekara 6 ga Galaxy A16 da ya fitar a 2024. Wasu kamfanonin shekara biyu ce, wasu ba su ce komai ba. Turawa da suka gaji da wannan wasa sai suka yi doka. Daga 20 ga Yunin 2025, sabuwar wayar da za a shigar kasuwar Tarayyar Turai dole batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100, dole kayan gyaranta su samu har shekara 7 bayan an daina sayar da ita, sabunta manhaja aƙalla shekara 5, kuma dole ta zo da takardar da ke nuna jurewarta ga faɗuwa da ƙura da ruwa da sauƙin gyaranta. Ku duba fa, mutanen da ke da sanyi da wuta da kuɗi su ne suka tilasta a rubuta musu ƙarkon waya. Mu da ke da ƙurar hunturu da zafin bazara da aljihu marar nauyi, megafiksel muke tambaya.

Na san abin da za a ce. Za a ce Mushe tsohon yayi ne, so yake yaranmu su zauna a duhu alhali duniya ta tafi. Wani abokin aikina ya faɗa mini haka a ido, ya ƙara da cewa a makarantar da ɗalibai biyar ke rububin littafi ɗaya, waya ita ce laburaren talaka. Yana da gaskiya a nan, kuma ba zan ɓoye ba: darussa da yawa da nake ba yara a waya nake samunsu, ƙanena da ke Abijan ta waya yake ganin mahaifiyarmu. Haka kuma ba zan hana kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, haƙƙinsa ba. Ya kama kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka ne don ya saurari abin da manya suka raina: gurbin layi biyu ga mai riƙe da Airtel da Moov ko Zamani, batir mai girma, kamarar da aka saita don baƙar fata ta fito da kamanninta. Ai wannan ma hujjata ce. Ranar da aka tambayi buƙatarmu, an yi abin da ya amfane mu. Yau kuwa mu ne da kanmu muke zuwa da takardar jan biro, mai kanti kuma abin da aka tambaya shi zai kawo.

A nan ne zan juyo kanmu, mu malamai, don hannunmu dumu-dumu yake a ciki. Wa ya gaya wa yaron cewa ba zai ci jarrabawa ba sai da waya? Ba mai kanti ba ne. Mu ne muka buɗe wa aji zauren WhatsApp, muka daina rubuta gyaran aiki a allo, muka koma cewa "zan tura a gurup". Wanda ba shi da waya ya bi gida-gida yana roƙo, yarinya kuwa, da ba za a bar ta fita da dare ba, ta haƙura. Mun sauƙaƙa wa kanmu aiki mun ɗora kuɗin a kan iyaye. Sannan in uba ya zo neman shawara, don a ƙauye malami shi ne likita, shi ne lauya, shi ne injiniya, sai mu karanta masa lambobin kwali da murya mai nauyi don kada a ce ba mu sani ba. A makarantar horon malamai ta Kaocen a Tawa an koya mana cewa sai an san darasi ake zaɓar kayan aiki. Mu mun juya abin.

Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fagen ilimi ya ce hujjoji masu ƙarfi da ke nuna na'urorin nan na ƙara karatu kaɗan ne, da yawansu kuma daga masu sayar da kayan suke fitowa. Ya kuma ce kasancewar waya kusa da ɗalibi kawai na raba masa hankali. Faransa, wadda muka gaji tsarin lakwal daga gare ta, tun 2018 ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da kwaleji. Ban ce mu kwaikwaye su ido rufe ba, su suna da littattafai. Amma kada wani malami ya sake tsayawa gaban iyaye a taron COGES ya ce waya sharaɗin cin jarrabawa ce. In darasi ya cancanci a tura shi a gurup, ya cancanci a rubuta shi a allo.

Dattijon ya saurare ni har na gama, yaron na ta zane a ƙasa da yatsan ƙafa. Sai ya ce, "To Mushe, mi za mu yi?"

Na ce, "Baba, jarrabawa dai ba da waya ake shiga ɗakinta ba. Amma in kun yi niyyar saye, ku fara da mai gyara, ku ji waɗanne wayoyi yake da fuskarsu da batirinsu a hannu. Ku je kanti da azahar, da littafin yaron. Ku ce a bar ku ku fita da ita rana ku gani ko tana karantuwa. Abin da ya yi saura kada ku ƙara wa waya, ku sayi fitilar sola mai gurbin caji, yaro ya samu hasken karatu, wayar kuma ta sha wuta a inuwar ɗaki. Da dare kuma ta kwana a wurinku."

Ranar kasuwa ta gaba suka je Madawa. Na ji sun ɗauki wata ta jika 68, fuska 1080, kamara 50, suka haɗo da fitilar, dattijon bai taɓa albasar da ke rudu ba. Ya aiko mini da kwaryar albasa ta hannun ƙaramar 'yarsa. Yaron kuwa har yau in mun haɗu a hanya gaisuwarsa gajera ce, kuma sakamakon BEPC bai fito ba tukuna.